Neman shawara: bado ya ƙi fure, ruwan tafkin lambu ya yi duhu

Rabi'atu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan ɗan tafkin ado da ke cikin lambu. Tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1 da rabi, zurfin tsakiya santimita 60, akwai kuma dakali zagaye a ciki mai zurfin santimita 20. Leda mai kauri aka shimfiɗa masa. Katanga ta tare shi ta gabas, babbar bishiya ta rufe shi ta yamma, don haka rana ba ta sauka a kan ruwan sai daga sha ɗaya zuwa ɗaya. A ciki akwai bado tukunya biyu, da kainuwa, da ƙananan kifaye takwas. Wata biyar ke nan badon bai yi fure ko ɗaya ba, ganyensa ƙanana ne masu dogon kara. Ruwan ya yi duhu kamar shayi, in an motsa ƙasansa sai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso. Taki zan ƙara, ko shukokin ne ba su dace da wurin ba?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kada ki ƙara taki. Ba yunwa ke damun badon ba, rana ce ba ta isar sa. Yawancin irin bado sai ya sha rana awa 5 zuwa 6 a yini kafin ya yi fure, naki kuwa awa 2 yake samu. Dogon karan nan da ƙaramin ganye alamar neman haske ce. Shukar da ba ta samun rana ba ta iya cin takin da aka ba ta, sai ya narke a ruwa ya zama abincin gansakuka.

Ki ware yini guda ki auna. Daga bakwai na safe zuwa shida na yamma, duk awa ki leƙa, ki zana a takarda inda rana ta taɓa. Sau da yawa akan samu kusurwa ɗaya da ta fi sauran haske. In akwai inda ke samun awa 4, ki kai tukunya ɗaya can, ki ɗora ta a kan bulo ta yadda ruwan da ke saman tukunyar zai zama santimita 25 zuwa 30. Ɗayar ki mayar da ita babban baho a fili, can za ki ga furen da kike nema. Ki tuna hanyar rana tana karkata cikin shekara, ki sake aunawa bayan wata uku.

Hajiya Binta:
'Yar'uwa, ni warin nan ya fi damuna a kan furen. Ganyen bishiyar ne ke faɗawa yana nutsewa. Duhun ruwan daga rinin ganyen ne, shi kaɗai ba ya kisa. Amma ruɓewar tana cinye iskar oksijin ta cikin ruwa, idan ta ƙare a ƙasa sai taɓon ya fara fitar da iskar mai wari, kuma guba ce ga kifi. Tafkin rana yana samun sauƙi saboda shukoki suna zuba oksijin duk yini. Na inuwa kaɗan yake samu, da dare kuma shukokin su ma shaƙa suke yi. Ki fita da asuba ki duba: in kin ga kifayen sun taru a sama suna buɗe baki, iska ta yi musu ƙaranci.

Kada ki kwashe taɓon gaba ɗaya a rana ɗaya, motsa shi da yawa yana iya kashe kifayen. Ki raba ƙasan gida uku, duk mako ki kwashe kashi ɗaya da raga mai mariƙi, a hankali. Duk lokacin da kika kwashe ki canza kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ruwan. Da dakalin, tafkinki bai wuce lita 1,200 ba, wato lita 120 zuwa 180 ke nan. In ruwan famfo ne, ki tara shi ya kwana biyu a buɗe kulorin, wato sinadarin da ake tsabtace ruwan famfo da shi, ya fita, ko ki sa maganin kashe kulorin, domin akwai irin da ba ya fita da ajiya. Sannan ki ɗaura raga mai ƙananan idanu a sama lokacin kaɗewar ganye, ki ɗaga tsakiyarta da sanda kada nauyin ganye ya sa ta kwanta cikin ruwa. Ragar da ta jiƙe da ganye, daidai take da babu.

Ɗan injin juya ruwa mai lita 600 zuwa 1,000 a awa ya ishe ki, kuma da dare aka fi bukatarsa. Ki kautar da feshinsa daga badon, ba ya son ana jiƙa masa ganye kullum.

Kabiru:
Sun gama magana a kan haske da ruwa. Game da abin shukawa, Hajiya, a inuwa kyan ganye ake nema.

A kan dakalin, gwaza ne na farko, irin Colocasia. Yana jure inuwa sosai, ganyensa manya, akwai kore akwai mai duhu. Ruwa ya rufe bakin tukunyarsa da santimita 5 zuwa 10 kawai, don haka ki sa bulo a ƙarƙashi. Ki sa safar hannu in za ki yanka shi, ruwan jikinsa yana ƙaiƙayi. Sai Cyperus alternifolius, wadda kanta ke buɗewa kamar lema, a zurfi ɗaya da gwazan, amma tukunyarta ta zama mai faɗi da nauyi don iska tana kayar da ita. Acorus gramineus gajera ce kamar ciyawa, tana rufe bakin leda da kyau, ruwa santimita 5 ya ishe ta. Tukwane huɗu ko biyar sun wadatar.

A cikin ruwa, Ceratophyllum demersum, shukar da ke rayuwa a nutse, ce ta fi dacewa. Ba ta da saiwa, kada ki binne ta, gindin ruɓewa zai yi. Ki ɗaure dami shida, kowanne da 'yar tsakuwa, ki saki. In ta kaɗe ganye a makon farko kada ki damu, sauyin ruwa ne. Inda ruwa ba ya sanyi ƙasa da digiri 20, Anubias ma tana yi, tana son inuwa, rana mai ƙarfi ce ma ke ɓata ta. Ita kuma da zare ake ɗaure kwantaccen karanta a jikin dutse. In ana son fure dole, Aponogeton distachyos, 'yar Afirka ta Kudu, tana yin farin fure mai ƙamshi a rabin inuwa, a zurfin santimita 30 zuwa 60. Sai dai lokacin sanyi take so, da zafi ya tsananta sai ta ɓace kamar ta mutu, ta dawo daga baya.

Ƙasar tukunya ita ce inda aka fi kuskure. Ƙasa mai nauyi, mai yumɓu, ba kashin dabbobi, ba ruɓaɓɓen ganye. Ƙasar fulawa ta buhu tasowa take yi ta ɓata ruwa. In kwando ne mai huji, ki shimfiɗa yankin buhu a ciki, ki danna ƙasar sosai, ki bar wuyan shukar a waje, ki rufe da wankakkiyar tsakuwa kaurin santimita 2 zuwa 3 don kifi kada ya tone. Ki jiƙa tukunyar a bokiti har kumfa ta daina fita kafin ki saukar. Takin ƙwaya na shukar ruwa kawai, rabin abin da aka rubuta, a tura shi da yatsa can cikin ƙasa.

Kainuwar kuwa, ni a ganina a kwashe ta duka.

Hajiya Binta:
A nan ban bi ka ba, Malam Kabiru. Saiwar kainuwa tana zuƙe dattin kifi daga ruwa, ƙananan kifaye kuma suna fakewa a cikinta. Matsalar yawa ce. A tafkin rana ana barin ganye ya rufe rabin ruwa, a inuwa kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Ki lanƙwasa tiyo ki haɗa bakinsa ya zama zobe mai yawo, ki tsare ta a ciki, duk wadda ta fita ki tsame. Wadda aka tsame a shanya ta ta bushe, kada a zuba a rafi ko magudana, yaɗuwa take yi ta toshe hanyar ruwa, wasu ƙasashe ma sun hana sayar da ita.

Kabiru:
Na yarda da zoben, muddin za a riƙa ragewa duk mako. In ta rufe sama, Ceratophyllum ɗin da ke ƙasa ba za ta ga haske ba.

Rabi'atu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu: akwai ƙananan ƙwari baƙaƙe a kan ganyen badon, in fesa magani? Kuma in sare rassan bishiyar?

Malam Sani:
Amin. Kada maganin ƙwari ya kusanci tafkin, ɗan kaɗan ma yana kashe kifi. Darɓa ce, ki wanke ta da tiyo ta faɗa ruwa kifaye su cinye, ko ki danne ganyen cikin ruwa ya kwana ɗaya. Haka maganin gansakuka mai sinadarin tagulla, yana ƙona Ceratophyllum. Duk sabuwar shuka ki fara ajiye ta a bokiti mako biyu, ki duba bayan ganye ko akwai ƙwan dodon koɗi.

Bishiyar kuma ragewa ake yi. A cire ƙananan rassan da suka rataya a kan ruwa da waɗanda suka cunkushe a ciki, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a shekara, in ba haka ba sai ta yi toho mai yawa ta fi da rufewa. A shimfiɗa tamfol a kan tafkin kafin a fara yanka. Sannan ki ɗaga bakin ledar ta ɓangaren bishiyar ki leƙa, in saiwa ta fara ratsowa ki yanke ta, ki kafa shinge na roba mai tauri zurfin santimita 50 tsakaninta da tafkin.