An dangwala wa ƙanwata hannu tana cikin naƙuda, haka ake yi?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah ma'aikatan asibiti ku fitar da ni duhu. Shekaranjiya na raka ƙanwata haihuwar fari, an ce in jira a waje, daga baya take gaya min wai tana tsakiyar naƙuda wata ta shigo da takarda, bincike suke yi za su ɗebi jinin cibiyar jariri, ta yi bayani sama-sama ta kama yatsanta ta dangwala. Takardar ma da Turanci, ko kwafi ba a ba mu ba. Yaro lafiya lau alhamdulillah amma abin ya tsaya min a rai.

Sista Ungozoma:
Barka da arziki Maman Ilham. Gaskiya ba haka ake yi ba. Wurin awo ya kamata a tuntuɓe ta tun tana cikin hayyacinta, a karanta mata da Hausa me za a ɗauka, ina za a kai shi, in ba ta karatu a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken. In ta ce a'a ba za a rage mata kulawa ba, kuma ko yanzu tana iya cewa ta fasa. Abin gaggawa irin zubar jini bayan haihuwa ne ake ɗan sassautawa, shi ma sai kwamitin ɗa'a mai sa ido kan bincike ya amince tun farko, jinin cibiya kuwa ina gaggawar?

Abban Khalifa:
Mu Kanawa mun ga jiya. 1996 lokacin sanƙarau kamfanin magani na Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 (kusan rabinsu aka ba shi) a IDH, asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, sai 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75. Ni tambayata ina mijinta, an nemi izininsa?

Sista Ungozoma:
Malam shawara da maigida daidai ne, musamman da ya shafi ɗansa, amma sa hannunsa ba ya maye nata. Maman Ilham ki koma ki nemi kwafin, ya kamata a samu lambar waya ta kwamitin a jiki.

Maman Ilham:
Na gode Sista, jibi za mu koma rigakafi zan tambaya. Mijin ma bai sani ba tukuna wallahi.