Neman shawara: faifan da aka sake bugawa ko tikitin wasannin ƙarshe na Yankees?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, amma yau wata matsala ta hana ni sukuni, kuma ina roƙon ku ba ni shawara tsakani da Allah. Ni mutumin Maraɗi ne, shekarata 14 a unguwar Bronx ta birnin New York ina tuƙin tasi daga yamma zuwa asuba. A rediyon mota na koyi besbol, domin dare yana da tsawo kuma ba kowane fasinja ke son hira ba. Da farko ban san komai ba sai muryar John Sterling, wanda ya fara sharhin wasannin Yankees, ƙungiyar besbol ta Bronx, a 1989 ya yi ritaya a 2024, amma a hankali na gane yadda ake ƙidaya maki, har ya zama ba na iya fara aiki sai na san wane ne zai yi jifa a daren.

Batun faifai kuwa ya girmi wannan. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fatauci yake yi tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, kuma duk dawowar da zai yi sai ya zo da faifan garmaho, galibi na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Yana ajiye su a cikin wata adaka a ƙarƙashin gado, ba mai taɓawa sai shi, kuma ranar Juma'a bayan la'asar yake fito da su ƙofar gida, maƙwabta su kawo tabarmi. Bayan rasuwarsa ina nan ƙasar waje ruwan sama ya rushe ɗakin, aka kwashe abin da ya rage aka zubar ba tare da an tambaye ni ba. A 2013 na ga kamfanin Sahel Sounds na Portland ya sake buga kiɗan Mamman Sani, wanda aka ɗauka a 1978, wato kiɗan nan da duk wanda ya tashi a Nijar ya saba jin sa a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. Ranar da na ɗora shi a kan na'ura sai da na yi hawaye, kuma tun daga lokacin nake tara faifan da aka sake bugawa.

Ga matsalar. Ina da dala 700 a hannu. Wani dillali ya ajiye mini akwatin faifan Fela Kuti na kamfanin Knitting Factory, wanda Brian Eno ya zaɓi waƙoƙinsa, tare da ƙananan faifai 3 masu gudun 45 na kiɗan Hausa da ya ce sabon bugu ne, kuma ya ba ni wa'adi zuwa ƙarshen wannan wata na Satumba na 2025. A ɗaya ɓangaren, bara da Yankees suka kai World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofin besbol, karo na farko tun 2009 na kasa sayen tikiti, sai na yi wa ɗana Sadiq alkawarin zan kai shi bana. Yanzu ƙungiyar Toronto na gabanmu da wasanni kaɗan a rukunin gabas, kuma wasannin ƙarshe a gida za a yi su. Kuɗin ba za su ɗauki duka biyun ba. Yaya zan yi?

Dattijon Harlem:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, ka saurare ni da kyau, domin na haura shekara 30 ina wannan harka. Ka sayi akwatin Fela, ka bar ƙananan faifan nan, ka kalli wasa a talabijin. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, 81 daga ciki a gidanta, kuma baɗi ma haka za a yi, amma faifan da aka buga adadi ƙayyadadde in ya ƙare ya ƙare, sai dai ka neme shi a Discogs, shafin intanet na cinikin faifai, a hannun wanda zai tsawwala maka. Tseren da kake magana kuma ba irin na da ba ne. A 1978 Boston ta ba Yankees ratar wasa 14 a watan Yuli, suka kamo ta, aka yi wasa guda na raba gardama a Fenway, filin wasan Boston, Bucky Dent na Yankees ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, wanda ya faɗi kuma ya tafi gida. Tun 2022 ƙungiyoyi 12 cikin 30 ke wucewa zagayen gaba, an kuma soke wasan raba gardama. Toronto ta ci ku wasa 8 cikin 13 bana, saboda haka ko kun yi kunnen doki ita za a ba rukunin, ku kuma ku shiga ta gurbin cike, wato gurbin da ake ba ƙungiyoyin da ba su ci rukuni ba amma suka fi saura yawan nasara. Me za ka je ka gani da zai ci maka wannan kuɗi?

Maman Hanifa:
Ni tambayata ɗaya ce, kuma ban ga inda ka taɓo ta ba duk da tsawon bayaninka. Maman Sadiq ta san da wannan kuɗi, kuma ina aka samo su? Ina tambaya ne domin maigidana ma yana tara irin waɗannan kaya, kwalaye 6 ne yanzu a ɗakin da ya kamata yara su kwana, kuma duk lokacin da muka tashi sauya gida ni ce mai ɗaure su. Bara da sanyi ya shigo na nemi kuɗin rigunan yara aka ce in dakata, bayan kwana biyu sai ga ɗan aike da sabon kwali. Ba na cewa kai ma haka kake, amma alkawarin da aka yi wa yaro bashi ne, kuma yaro ba ya mantawa.

Baban Sadiq:
Na gode Hajiya. Kuɗin kwasar adashe ce da muke yi da abokan aiki, kuma ban taɓa rage wa iyalina komai ba saboda faifai, Allah ne shaida. Maman Sadiq ta san ina tarawa, ko da yake ban faɗa mata adadin wannan karon ba tukuna, domin ina son in yanke shawara kafin in yi mata bayani. Faifaina kuma ba su kai 90 ba, a kanta guda suke.

Ɗan Zango:
Yaya Baban Sadiq, kada ka bari a raina maka watan Satumba. Ni ɗan Kumasi ne, Mets, ɗaya ƙungiyar besbol ta New York, nake goya wa baya, kuma a 2007 muna kan gaba da wasa 7 saura wasa 17 a gama, amma muka zubar da komai, Philadelphia ta ɗauke rukunin a ranar ƙarshe. Ina cikin waɗanda suka ce za su jira zagayen gaba su sayi tikiti, zagayen da bai zo ba. Bana ma ga shi, Mets ta ba ɗan wasa Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15, a tsakiyar Yuni babu wanda ya kai mu yawan nasara, yanzu kuma da ƙyar muke riƙe da gurbin cike, kuma kowane dare sai na kashe rediyo cikin ɓacin rai. Cin rukuni yana da amfani har yanzu, domin zakarun rukuni biyu da suka fi yawan nasara a kowane lig suna tsallake zagayen farko, su huta, su shirya masu jifansu, alhali na gurbin cike wasa 3 kacal ake ba su, wanda ya ci 2 ya wuce. Ka kai yaron ka manta da dillali.

Dattijon Harlem:
Ɗan Zango, ɓacin ranka da Mets daban, matsalar wannan bawan Allah daban. Bari in koma kan ƙananan faifan, domin nan ne haɗarin yake. Baban Sadiq, sabon bugu na gaskiya yana ɗauke da sunan kamfani, da lambar faifai, da bayanin wanda ya ba da izini, kuma kamfanonin da suka san mutuncin kansu, irin su Analog Africa na Jamus da Soundway da Strut na Ingila, sukan haɗa da takardar tarihin mawaƙin da inda suka samo sautin. Ka tambayi dillalinka daga ina aka kwafo muryar. Idan daga zaren asali na ɗakin ɗaukar murya ne, madalla, idan kuma daga tsohon kaset ne da ya sha rana a kasuwa, to roba kawai za ka saya. Ni kaina an taɓa yi mini haka, na biya dala 45 a kan wani faifan jaz da aka bugo daga Turai, na zo gida na tarar daga CD aka kwafe shi, sautin a daskare kamar ana magana ta bayan ƙofa, kuma mai shagon ya ƙi karɓa. Dokar can ta bar abin da aka ɗauka kafin 1963 a matsayin na kowa, shi ya sa kowane ƙaramin kamfani ke bugawa yadda ya ga dama. Zaren asali ma ba ya dawwama, gobarar da aka yi a rumbun kamfanin Universal a 2008 ta cinye da yawa. Shi ya sa nake cewa in ka sami bugu mai kyau na halal ka riƙe shi da hannu biyu. Akwatin Fela na halal ne, wannan ba na shakka.

Malamin Makaranta:
Ina da ƙarin bayani a kan maganar Dattijo, ko da yake ban yarda da inda ya kai ta ba. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, kuma duk wanda zai buga muryarsu ya sayar ya kamata a tambaye shi ko magada sun sani. Abin da ke damuna shi ne, kawuna makaɗin kalangu ne, ya yi shekaru yana bin wani mawaƙi gari gari, ya rasu bai bar ko keke ba, kuma har yau ina jin kiɗansa a wayoyin mutane. Ni da a ce ni ne, ba zan sayi faifan ba, ba zan kuma zuba dala 700 a filin wasa ba. Kujerun bayan fili sun fi araha, ku hau jirgin ƙasa mai lamba 4 ku sauka a titi na 161, ku kalli wasa guda, sauran kuɗin ka aika Maraɗi a nemo maka tsofaffin kaset a hannun masu sayarwa kafin su ɓace.

Baban Sadiq:
Malam, na fahimce ka, amma kaset ba shi nake nema ba, ina da waƙoƙin nan duka a waya. Abin da nake so shi ne in riƙe faifai a hannuna in ɗora allura kamar yadda mahaifina yake yi. Kujerun bayan fili kuma ba su ne na yi wa yaron alkawari ba, na ce masa zai zauna ta ɓangaren dama inda zai ga Aaron Judge, tauraron Yankees, kusa da kusa, domin tun 2022 da Judge ya buga ƙwallo 62 da suka tsallake katanga ya karya tarihin Roger Maris yaron yake sanye da riga mai lamba 99. Dattijo, game da dillalin, shekara 5 ina saye a hannunsa bai taɓa cuta ta ba. Gaskiya ne ƙananan faifan ba su da sunan kamfani, farar takarda ce kawai aka rubuta sunan mawaƙin da hannu, amma ya ce gwaji ne da aka buga kafin a fitar da su kasuwa, kuma ni na yarda da shi.

Dattijon Harlem:
Farar takarda da rubutun hannu! Ɗan'uwa, faifan gwaji ma yana da lamba da aka zana a jikin robar kusa da tsakiya, ka karkata shi a gaban fitila za ka gani. Ka ɗauki hoton lambar ka sa a nan, cikin minti 5 zan faɗa maka ko daga wane kamfani ya fito. Ka saurare su kuwa kafin ka yi ciniki?

Baban Sadiq:
Ban saurara ba, domin allurar na'urata ta lalace tun watan Yuli kuma ban sauya ba, shi kuma dillalin daga gida yake sayarwa. Wannan ba matsala ba ce, allura ba ta da tsada, zan saya idan komai ya lafa. Hoton kuma ina ganin idan na nema zai ɗauka ina zarginsa ne, kuma akwai wani da ke jiran kayan idan na janye.

Maman Hanifa:
To kai da wata biyu ba ka saurari ko faifai ɗaya ba, gaggawar ta mece ce? Ka yi wa matarka magana yau, kafin ta ji a bakin yaro.

Ɗan Zango:
Kujerun bayan filin da Malam ya ambata ai ta dama suna bayan Judge ne, ko da yake bana tun da ya ji ciwo a gwiwar hannu wasu ranaku bugu kawai yake yi ba ya tsaron fili, don haka ka duba jerin 'yan wasa kafin ka biya. Kuma tikitin ranar ƙarshe kullum tashi yake yi idan tazarar ta ragu, kada ka kai mako mai zuwa.

Baban Sadiq:
Na gode muku duka, Allah Ya bar zumunci. Na kira dillalin ɗazu na roƙe shi ya ƙara mini mako biyu, ya ce sai na ba da kafin alƙalami na dala 200, kuma na ba shi domin kada kayan su kuɓuce. Ina tunanin idan Yankees suka shiga ta gurbin cike kuma aka yi wasannin a Bronx, watakila ya fi kyau in jira in kai Sadiq wancan, tunda kafin lokacin zan ƙara yin aiki na wasu darare. Akwai wanda ya san ranar da ake fara sayar da tikitin zagayen farko, kuma ana mayar wa mutum kuɗinsa idan ba a buga wasa na uku ba?