Canjin Agogo Sau Biyu a Shekara: A Ci Gaba Ko a Daina?

Alhaji (Landan): Jama'a, a tuna, Lahadin ƙarshen Oktoba agogo zai koma baya da awa ɗaya. Ni dai har gobe ina tare da tsarin nan, don idan aka tura agogo gaba a Maris, yamma mai haske tana rage kashe kuɗin wuta.

Maman Yara (Hamburg): Alhaji, da girmanka, hujjar nan ta tsufa. Jamus ta fara shi a 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, don a rage ƙona kwal. Fitilun yanzu nawa suke sha? Mu masu ƙananan yara mu muka san wahalarsa, musamman na Maris da ake cire awa daga barci. Yaro ya ƙi kwanciya, da safe kuma tashinsa aiki ne.

Direba (Chicago): Hajiya ta yi gaskiya. Da jihar Indiana ta ɗauki tsarin gaba ɗaya a 2006, masu bincike sun gano shan wuta a gidaje ƙaruwa ya yi, saboda na'urar sanyaya ɗaki.

Ɗalibi (Alƙahira): Amma Yaya, Masar ta dawo da shi a 2023, kuma tanadin makamashi ta kafa hujja da shi.

Direba: Ƙanena, faɗar gwamnati daban, abin da mita ta nuna daban.

Maman Yara: A 2018 Tarayyar Turai ta nemi ra'ayin jama'a. Mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin ɗari suka ce a daina. Majalisar Turai ta amince a 2019. Har yau shiru.

Alhaji: Yauwa, Hajiya, kin zo wurin. Shirun na mene ne? In an daina, a kan wane agogo za a tsaya? Amurka ta gwada zama a kan na bazara, wato wanda aka tura gaba da awa ɗaya, a 1974, yara suka riƙa tafiya makaranta cikin duhu, aka janye. Rasha ma ta gwada a 2011, ta fasa a 2014.

Maman Yara: To a tsaya a kan na hunturu mana, shi ya fi dacewa da rana. Ko sallar isha'i a watan Yuni za ta zo mana da ɗan sauƙi.

Alhaji: Asuba fa? A Landan sai rana ta fito kafin ƙarfe huɗu. Wa zai iya?

Direba: Alhaji, wannan kuma ba maganar kuɗin wuta ba ce. A kanta fa ka fara.