PS5 ta maƙale a NAT Type 3, na buɗe port amma shiru

Ɗan Samaru

Assalamu alaikum jama'a. Ina da PS5 a nan Samaru, Zariya. Intanet ɗin gidan daga rauta mai cin SIM take zuwa, irin ta 4G, tana falo. Daga gare ta na ja waya zuwa rauta ta biyu a ɗakina, saboda Wi-Fi ba ya ratsa bangon. Duk sanda na yi Test Internet Connection sai ta nuna NAT Type 3. Wasa da baƙi yana shiga jefi-jefi, amma in abokina na Tudun Wada ya gayyace ni ƙwallo sai ya yi ta juyawa ya yanke, hirar murya ma ba ma jin juna. Na sa DNS 8.8.8.8, na buɗe port a rautar ɗakina, ba abin da ya canza. Don Allah ina matsalar take?

Injiniyan Kongo

Wa alaikumus salam. DNS ba ruwansa da NAT, aikinsa juya sunan shafi zuwa lamba ne kawai, ka manta da shi.

NAT shi ne aikin da rauta ke yi na raba adireshin intanet ɗaya ga duk na'urorin gida, port kuma lambar ƙofar da saƙo ke bi. Rauta kamar zauren gida ce: kowa a ciki da ɗakinsa, amma daga waje ƙofa ɗaya ake gani. In saƙo ya zo ba tare da wani na ciki ya fara nema ba, ba ta san ɗakin da za ta kai ba, sai ta yar. Type 3 ke nan. Mai Type 3 da mai Type 1 kaɗai yake haɗuwa cikin sauƙi, shi ya sa in abokinka ma 3 yake ko 2, kuna iya kwana kuna gayyatar juna.

Kai zaure biyu ne da kai a cikin gida, kuma mai yiwuwa akwai na uku a wajen kamfanin layin. Kafin ka taɓa komai, duba wannan. Haɗa waya ko kwamfuta da rautar falo, ka buɗe shafinta. Adireshin yana rubuce a takardar da ke ƙarƙashinta, yawanci 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Nemo wurin da aka rubuta WAN IP, wato adireshin da kamfanin layin ya ba rautar, ka rubuta lambar. Sannan ka tambayi Google adireshin IP ɗinka ka kwatanta. In lambobin biyu iri ɗaya ne, gyaran yana hannunka. In sun bambanta, kuma ta rautar ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin ya sa ka bayan CGNAT, wato ku da yawa kuke raba adireshi ɗaya. Adiresoshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne duk duniya, ba su isa ba, don haka layukan waya haka suke yi a mafi yawan wurare.

Hajara PZ

Ɗan'uwa, ko me gwajin Injiniya ya nuna, rautar ɗakinka sai an sauke ta daga aikin NAT. Port ɗin da ka buɗe a kanta ƙofar ɗaki ka buɗe, ta zaure na kulle.

In tana da Access Point Mode a cikin saitinta, kunna shi, shi ke nan. In babu, da hannu ake yi. Cire wayar da ta zo daga falo tukuna. Shiga shafinta ka canza adireshin LAN ɗinta ya shiga sahun ta falo: in ta falo 192.168.8.1 ce, ba ta 192.168.8.2, amma ka tabbata lambar ba ta cikin waɗanda ta falo ke rabawa. Kashe DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori lamba, ka adana. Sai ka mayar da wayar, amma a ramin LAN, ba ramin WAN mai launi daban ba. Nan mutane ke tuntuɓe: su kashe DHCP kafin su canza adireshi, sai shafin ya ɓace musu, galibi sai an danna reset da tsinke a koma farko.

Daga nan komai a rautar falo ake yi. A PS5 ka shiga Settings, Network, Connection Status, View Connection Status, ka kwafi MAC address, wato lambar shaidar na'urar. Ka lura na waya daban, na Wi-Fi daban. A rauta ka nemi DHCP reservation ko MAC binding, ka ɗaure mata lamba ɗaya, misali 192.168.8.50. Wannan matakin a garin nan wajibi ne, don duk sanda aka ɗauke wuta rauta ta sake tashi tana iya ba PS5 wata lambar, dokokin da ka rubuta su koma kan wayar wani a gidan.

Sai ka kunna UPnP, wato tsarin da ke barin PS5 ta buɗe wa kanta port a rauta, ka goge port ɗin da ka buɗe da hannu, kada su yi karo. Kashe PS5 gaba ɗaya, ba Rest Mode ba, ka zare rauta daga wuta na minti ɗaya, ka fara kunna rauta sannan na'urar. In UPnP ɗin rautar bai yi aiki ba, kashe shi ka tura waɗannan zuwa lambar da ka ɗaure: TCP 80, 443, 3478, 3479, 3480, da UDP 3478, 3479. Type 2 kake nema. Type 1 na wanda ba rauta tsakaninsa da intanet ne, kuma a yawancin wasa 2 ya isa.

Injiniyan Kongo

Hajiya ta gama magana, sai dai UPnP na ƙananan rautocin SIM ba abin dogaro ba ne, wasu ma an ɓoye shafin. A irinsu na fi son a sa lambar PS5 a DMZ, wato rauta ta riƙa tura mata duk saƙon da ya zo daga waje. Ga na'urar wasa ba wani haɗari sosai. Kwamfuta ko na'urar kyamarar tsaro ce ba a sawa.

Ɗan Samaru

Na gode ƙwarai. Na mayar da ta ɗaki Access Point, na kunna UPnP. WAN IP ɗin ya fara da 10, na Google kuma daban. Har yanzu Type 3.

Malam Gyallesu

To ɗana, CGNAT ne, kuma babu maɓallin da za ka danna a gida ya buɗe ta. DMZ da port duk a zaurenka suke tsayawa.

Abu mafi arha shi ne gwada SIM na wani kamfani, in rautar ba a kulle take ba, ko ka haɗa PS5 da hotspot na wayar wani ka sake gwajin. Ba duk CGNAT ke da tsanani ɗaya ba. Wata tana riƙe maka port ɗaya ko da wa kake magana, sai a samu Type 2. Wata kuma tana canza port ga kowane wanda ka tuntuɓa, ita ce ke ba da 3.

In hakan bai yi ba, ka tambayi kamfanin ko suna sayar da public IP, wato adireshi naka kai kaɗai. Inda ake bayarwa galibi a tsarin 'yan kasuwa ne da ƙarin kuɗi, wani lokaci da APN na daban, wato sunan hanyar da SIM ke bi ya shiga intanet, da za ka rubuta a rauta. Masu intanet ta wayar fiber ko ta rediyo sun fi saurin yarda. Kada ka sayi Starlink don wannan kaɗai: tsarinta na gida ma CGNAT ne a IPv4, kuma rautarta ba ta da shafin tura port.

Akwai hanyar VPN, amma PS5 ba ta ɗaukar manhajar VPN, sai rauta mai ɗaukar VPN irin WireGuard da sabis mai ba da tura port. NAT zai buɗe, ping kuma, wato jinkirin saƙo, ya ƙaru, musamman in sabar tana Turai, sai ka danna fas ɗan wasa ya motsa daga baya.

Ga masu Xbox da ke bin zaren nan, gwajin WAN ɗin ɗaya ne. Ku Open, Moderate da Strict kuke gani, babban port ɗinku 3074 ne a UDP da TCP. In Xbox biyu ne a gida ɗaya, ku shiga Advanced settings ku ba ta biyun wani port a Alternate port selection, don rauta ba ta iya tura 3074 wuri biyu.

Shi ma abokin na Tudun Wada ya duba WAN IP ɗinsa ya faɗo mana lambar farko kawai, kada ya rubuta cikakken adireshin a nan.