Don Allah a taimaka, furojet ɗina kan yawun matsattsaku ya tsaya

Ɗaliba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a bayokemistiri, malamina ya ba ni aiki kan hirudin, sinadarin yawun matsattsaku mai hana jini daskarewa. Ƙanena ne ya shiga kududdufin bayan gari ya kamo min guda talatin, har ƙafarsa ya bari suka maƙale, Umma ta yi ta faɗa kwana biyu ba ta kula ni, kuɗin motar dawowa ma rance na yi. Na tatsi yawun na zuba a jini amma ya daskare kamar ban sa komai ba. Saura sati uku difens, wato kare furojet ɗin a gaban malamai, wallahi ko barci ba na yi.

Tsohon Lab: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wane iri kika kama? Hirudin ɗin da aka sani na matsattsakun Turai ne mai suna Hirudo medicinalis, tun 1884 Haycraft ya gano yawunta na hana jini daskarewa, amino asid 65 ne, thrombin, sinadarin da ke sa jini daskarewa, yake riƙewa kai tsaye. Ba kowace matsattsaku ke shan jini ba ma, wasu tsutsa suke haɗiya. Ki zubar da su ki sayi hirudin ɗin da kamfani ke samarwa ta hanyar yis.

Maman Hanifa: Ta saya da wane kuɗin? Ni a shekarata sinadari ɗaya na yi oda, wata huɗu ina jira, da ya iso malamina ya canza min taken aikin gaba ɗaya, har yau abin na ci min rai.

Ɗan Fadama: Kar ki zubar. A ina kika ajiye yawun? Furotin ne, yana iya lalacewa idan ba a ajiye shi da kyau ba.

Ɗaliba: A firiza mana, ɗauke wutar kwana biyu ne kawai. Kuma Yaya ai sun sha jinin ƙanena, a idona.

Tsohon Lab: To ga wata matsalar, ƙosassu kika tatsa. Sai an bar su da yunwa makonni kafin a tatsa. Ƙanen naki kuma a duba ciwon, akwai ƙwayar cuta mai suna Aeromonas a cikin matsattsakun. Ki saya kawai na ce.

Ɗaliba: Malamina cewa ya yi in gwada na gida, ba zan koma masa da na kanti ba. Akwai wanda ya san inda zan samu wasu matsattsakun kafin Litinin?