Matsin regileta ya ƙi tsayawa, me zan duba?

Assalamu alaikum. Don Allah masu gyaran kayan nutso, ku taimaka mini da shawara.

Ina shirin nutso a Blue Hole na Dahab, a Masar, zurfin kusan mita 55, da silinda biyu a baya cike da trimix (haɗin iskar oksijin, hiliyam da naitrojin). Regileta (na'urar da ke rage matsin iskar silinda don a shaƙa) ɗaya lafiya lau, ɗayar ce ta addabe ni. In na buɗe silinda, ma'aunin matsin tsakiya (matsin iskar da ke cikin tiyon da ke zuwa abin baki) yana nuna bar 9.5, daidai yadda ake so. In na bar ta 'yan mintoci sai allurar ta riƙa hawa a hankali har ta wuce 11, daga nan abin baki ya fara yoyon iska.

An wanke mataki na farko (ɓangaren regileta da ake ɗaurawa a silinda), an sa sabon mazaunin bawul, an canza zobban roba duka. Ba ta daina ba. Mai gyaran ya ce sabon mazauni sai a hankali yake zama. Ban gamsu ba, domin a wannan zurfin ba a gwaji da numfashi.

Ko bakin ƙarfen da ke danne mazaunin ne ya samu tabo? Ana iya goge shi, ko sai sabo?