SQLite na kullewa in rezo ya yi nauyi

Ɗan Birni: Salam 'yan uwa, na haɗa ƙaramin saba (server) da yaren C nan Damagaram, yana karɓar saƙo ta soket (ƙofar haɗi da rezo) yana zubawa a SQLite (ma'ajiyar bayanai), amma da rezo ya ja sai SQLITE_BUSY (wato ma'ajiyar a kulle take), komai ya tsaya cik. Mene ne matsalar?

Na Zango: Malam duba ko kana buɗe BEGIN (umarnin soma aiki a ma'ajiyar), ka fara rubutu, sannan ka zauna jiran recv (mai karɓar saƙo daga soket). SQLite mutum ɗaya ke rubutu a lokaci guda, to in saƙon ya makale a hanya kai kana riƙe da makulli, sauran duk suna layi. Karɓe saƙon dukka tukuna, ka rubuta, ka yi COMMIT (rufe aikin, ka saki makulli) nan take.

Hajiya Kod: Gaskiya ne. Ka sa WAL (yanayin da mai rubutu ba ya tare masu karatu) da busy_timeout (lokacin jira kafin a ba da SQLITE_BUSY) kuma. Kana fork (shirin uba ya haifi kwafin kansa, wato yara)? In eh, kowane yaro ya buɗe nasa haɗin da SQLite, kar ya gaji na uban.

Ɗan Birni: Wallahi ina fork ɗin, Hajiya. Bari in gyara.